Zanen Taurarin Katun a Bayan Gilashi: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na masu son haɗa abin ado ne da gilashi da fenti da taurarin katun ko na wasannin bidiyo, irin su Pikachu, Mario, Naruto da Spider-Man. Aiki iri biyu amsoshin suka shafa: zanen da ake yi a bayan gilashi a sa a firam, da kuma akwatin ado mai zurfi wanda ake jera ƙananan mutum-mutumin roba a cikinsa, gilashi mai fenti yana bayansu ko gabansu.

Me ya sa ake shafa fentin a bayan gilashi, ba a gabansa ba?

Domin gilashin da kansa shi ne ke zama fuskar zanen. Launin yana kwanciya lif a jikinsa, mai kallo ya gan shi sumul yana sheƙi, babu sawun burushi, kuma ƙura da hannu ba sa kai wa ga fentin. Tsohuwar sana'a ce. An yi ta a Austriya da kudancin Jamus, an yi ta a birnin Kanton na ƙasar Sin a ƙarni na 18, kuma har yau ana yin ta a Senegal. Su ma masu katun na da, kafin zuwan kwamfuta, a kan leda mai garai-garai suke zana layukan, sannan su cika launi ta baya. Shi ya sa taurarin katun suka fi komai dacewa da wannan aiki: asalinsu daga irin wannan hanya suka fito.

Sai dai akwai sharaɗi guda da dole ya zauna maka a kai. Abin da ka fara shafawa shi ne zai fito a gaba, abin da ka shafa daga ƙarshe kuma shi ne zai koma can baya. A takarda kana iya rufe kuskure da wani fenti. A gilashi kuskuren yana gaba, gyaran yana ɓoye a bayansa.

Wane irin gilashi zan nema?

Ga mai farawa, gilashin firam ɗin hoto ya wadatar. Kaurinsa yawanci milimita 2 ne, an riga an yanka shi daidai da firam, ba sai ka nemi mai yanka ba. Girman santimita 13 da 18, ko 20 da 25, ya isa a koyi hannu. Idan aikin ya kai santimita 30 da 40, gara a koma milimita 3. Nauyin gilashi kilo 2.5 ne a kowace murabba'in mita ga kowace milimita ta kauri, wato wancan na 30 da 40 mai milimita 3 zai yi kusan gram 900, ban da firam. Ka san da wannan tun kafin ka zaɓi ƙusa.

Kada ka wuce milimita 4. Gilashi mai kauri yana da ɗan kore-kore saboda ƙarfen da ke cikinsa, kuma yana nisanta alƙalaminka da hoton da ka sa a ƙarƙashin gilashin kana bin layukansa. Gilashin da aka gasa don ya yi tauri ba ya yankuwa, da an taɓa shi da abin yanka sai ya tarwatse. Shi kuma mai dishi-dishi da ake yi don hana ƙyalli, bai dace da akwatin ado ba, domin duk abin da ya ɗan yi nisa da shi sai ya koma hazo-hazo.

Gefen gilashi yana yanka kamar reza. A jiƙa samfefa mai lamba 120 zuwa 220 a goge gefunan, da safar hannu, ko kuma a naɗe su da salatif na takarda har a gama aiki.

Roba mai kama da gilashi fa?

Tana yi, ba ta da nauyi, ba ta saurin fashewa, ita ta fi dacewa da ɗakin yara. Aibinta biyu: tana karcewa da wuri, don haka ba a kankare kuskure da reza a kanta, kuma sifirit yana iya sa ta yi ƙananan tsage-tsage, musamman ta gefe. Da ruwa da sabulu kawai ake wanke ta.

Wane hoto ne ya fi sauƙin yi?

Wanda layukansa suke baƙaƙe, a rufe, kuma kowane launi yana da iyakarsa. Ka ƙirga launukan kafin ka yanke shawara: biyar zuwa takwas daidai ne ga aikin farko, har da inuwa. Pikachu ya shiga wannan sahu. Spider-Man kuwa, duk da launinsa kaɗan ne, layukan saƙar gizo da ke jikin rigarsa suna cin lokaci, kuma da hannu ya karkace sai a gani. Hoton mutum na gaske ko zanen da launi ke narkewa cikin launi, a bar shi sai hannu ya faɗa.

Fuska babba ta fi cikakken jiki ƙarami. Ido mai faɗin santimita 2 za ka iya sa masa haske da inuwa, amma mai milimita 3 ɗigo ne kawai.

Dole ne in juya hoton kafin in buga shi?

Dole ne idan akwai rubutu, lamba, ko wata alama da aka san gefen da take. Kana aiki ta baya, za a kalla ta gaba, don haka dama za ta koma hagu. A juya hoton a waya ko kwamfuta yadda zai fito kamar a madubi, sannan a buga shi daidai girman gilashin. Harafin M na hular Mario ba zai nuna ba ko an manta, amma tabon fuska da ya koma ɗaya kuncin, masu son tauraron za su gane nan take. Yana da kyau a buga kwafi biyu: juyayye a ƙarƙashin gilashi, na daidai a gefe don duba launi.

Yaya ake wanke gilashin?

Da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a ɗauraye, a bar shi ya bushe. Sannan a goge fuskar da za a yi wa fenti da sifirit mai ƙarfin kashi 70 ko fiye, da tsumma marar gashi. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin. Maiƙon hannu shi ne babban dalilin da ke sa fenti ya riƙa tattarewa yana yin ɗigo-ɗigo, ko ya ɓare daga baya. A ajiye takarda mai tsabta a ƙarƙashin tafin hannu yayin zane. Ruwan goge taga da ke barin sheƙi ko ƙamshi ba ya cikin kayan wannan aiki, yana barin wani siririn shafi da ke hana fenti kamawa.

Da me ake zana baƙin layi?

Alƙalamin maka (marker) mai fentin mai, wadda bakinta bai wuce milimita 0.7 zuwa 1 ba, ita ta fi. Baƙinta cikakke ne, kuma fenti mai ruwa ba ya narkar da ita idan ta bushe. Maka ta yau da kullum mai tawadar sifirit tana da sauƙin sarrafawa, amma baƙinta yana karkata zuwa shunayya idan haske ya ratsa, kuma tana koɗewa. Maka mai fentin ruwa kuwa takan tashi da zarar jiƙaƙƙen burushi ya bi ta kanta sau biyu.

A manna hoton da salatif a kusurwa huɗu. Ka riƙa kallo daga sama kai tsaye, domin kaurin gilashi yana sa layi ya gusa idan ka kalla ta gefe, sai ka ga ido ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka. Mai amfani da hannun dama ya fara daga sama ta hagu, bahago daga dama. A tabbata kowane layi ya haɗu da ɗan'uwansa, kada a bar kafa. A bar shi ya bushe aƙalla awa ɗaya, kwana ya fi.

Wane launi ake fara shafawa?

Nan ne aikin yake, tun ran gini tun ran zane. Kafin ka buɗe fenti, ɗauki kwafin hoton ka sa wa kowane sashe lamba bisa tsarin da za ka bi.

Bayan baƙin layi, sai ƙananan abubuwan da ke saman komai: farin ɗigon cikin ido, ƙyallin gashi, haƙora, jan kunci, rubutun riga. Da tsinken sakace ake ɗiga na cikin ido, ba da burushi ba. Bayansu sai inuwa: ta ƙarƙashin haɓa, ta ƙarƙashin gashin goshi, ta lanƙwasar tufa. Sannan manyan launuka, wato fata da gashi da tufafi, waɗanda za su bi ta kan inuwar da hasken su rufe su ta baya. Bango shi ne na ƙarshe.

Ɗauki ido ɗaya a matsayin misali. Layin baƙi ya bushe. Ka ɗiga farin haske, ya bushe. Ka cika ƙwayar baƙi a kansa, ta bushe. Ka shafa launi mai duhu a rabin sama na idon, mai haske a rabin ƙasa. Daga ƙarshe ka rufe duka da fari, wanda zai zama farin ido. Ta baya abin da za ka gani farin dunƙule ne marar fasali, ba abin da ke nuna ido ne. Ka juya gilashin, sai ga ido yana kallonka da haskensa. Saboda haka a riƙa juyawa ana dubawa bayan kowane mataki, tun fentin bai yi tauri ba.

Launin fata a haɗa shi da yawa a lokaci guda, a zuba a ƙaramin mazubi mai murfi. Da wuya a sake haɗa irinsa sak, kuma bambancin yana fitowa fili a gilashi. A raba shi biyu, a ƙara wa kashi ɗaya ɗan ja da ɗan ruwan ƙasa ya zama inuwa. Baƙi yana kashe launin fata, kada a sa. A tuna kuma akirilik, wato fentin zane mai ruwa da ke bushewa kamar roba, yana ɗan ƙara duhu idan ya bushe.

Wane fenti ya dace?

Ga zanen da zai zauna a firam, akirilik na yau da kullum ya isa, tunda babu abin da zai goge shi. Ga kwalba, kofi ko fitila da hannu zai riƙa taɓawa, sai fentin da aka yi musamman don gilashi. Kada a tsinka akirilik da ruwa: ruwa yana raunana gam ɗin da ke cikinsa, sai ya ƙi kama gilashi. Idan ya yi kauri da yawa, ɗigo ɗaya ko biyu sun isa.

Na ɗaga zanen a haske na ga sawun burushi da ƙananan huji. Me ya jawo?

Jan burushi ne. Gilashi ba ya shan fenti, don haka idan ka ja, gashin burushin yana share abin da ya ajiye. A ɗebo fenti sosai a burushi mai laushi, a riƙa ɗorawa ana turawa a hankali zuwa bakin layi. Shafi biyu zuwa uku ake yi, da minti 20 zuwa 30 a tsakani, kuma sai na ƙasa ya bushe sarai, in ba haka ba na sama zai ɗago shi. Rawaya da ja da ruwan lemo sun fi saura raunin rufewa, a mara musu baya da fari. Wannan farin yana kuma ƙara musu haske ta gaba.

Hujin kuwa kumfa ce da ta fashe. Girgiza kwalbar fenti ke kawo ta. A juya da tsinke, kuma duk kumfar da aka gani a soke ta da allura tun fentin yana ɗanye. Na'urar busar da gashi tana taimakawa idan iska mai sanyi ce, daga nesa. Mai zafi tana busar da sama ta bar ƙasa ɗanye, fentin ya tsattsage.

Idan na yi kuskure fa?

Ɗanyen fenti ana ɗauke shi da auduga mai ɗan danshi a bakin tsinke. Busasshe kuma a fara zagaye wurin da bakin reza, sannan a kankare. Idan ba a yanka iyakar ba, akirilik yana tasowa kamar fata, ya ja har da wurin da ba ka nufa ba. Sifirit yana cire layin maka, amma yana malala, don haka a matse audugar sosai.

Ana gasa gilashin?

Akirilik na yau da kullum ba a gasa shi. Fentin gilashi ne ake gasawa, kowane da ƙa'idarsa a jikin kwalba. Vitrea 160 na kamfanin Pébéo, misali, ana barin sa ya bushe awa 24, sannan a gasa minti 40 a zafin digiri 160 na ma'aunin Salshiyos. FolkArt Enamel kuma ana gasa shi minti 30 a kusan digiri 177, ko a bar shi kwana 21 ya yi tauri da kansa. A sa gilashin tun obin yana da sanyi, su yi zafi tare, kuma a bar shi a ciki har ya huce. Sauyin zafi farat ɗaya shi ke fasa gilashi. Ba a gasa duk abin da aka manna wa roba ko gam. A kofin da za a sha wani abu da shi, fenti a waje kawai, kuma a bar santimita 2 daga baki.

Ina son haske ya riƙa ratsa launukan. Hanyar ɗaya ce?

A'a. Nan ana amfani da fenti mai garai-garai, da layi mai tudu da ake matsowa daga bututu, wanda ke zama shinge ga launin. A ajiye gilashin a kwance daidai, a bar layin ya kwana, sannan a ɗiga launi a tsakiyar kowane gida a ja shi da tsinke zuwa gefe. Ba a mara masa fari a baya. Wanda bai samu na bututu ba yana iya haɗa farin gam na katako da baƙin akirilik a kwalba mai siririn baki, sai dai wannan ba ya jure ruwa.

Yaya ake haɗa akwatin ado da mutum-mutumin roba?

A fara da auna mutum-mutumin, ba akwatin ba. Zurfin ciki ya fi kaurinsa da aƙalla santimita 1, don kada hanci ko hannu ya taɓa gilashin gaba. Ga masu tsayin santimita 5 zuwa 8, zurfin santimita 5 zuwa 6 yakan isa.

Hawa uku ne suka fi ba da zurfi. Can baya gilashi mai cikakken fenti: sararin sama, gine-gine ko daji, da launuka masu sanyi waɗanda ba za su yi gasa da tauraron ba. A tsakiya mutum-mutumin a kan ɗan katako. A gaba gilashi mai zane kaɗan ta gefe-gefe, kamar ganye, gajimare ko walƙiya, fentin yana fuskantar ciki, tsakiyar kuma a bar ta fayau. Siraran katako a gefen akwatin su ke riƙe kowane gilashi a mazauninsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika gilashin gaba da zane har ya tare abin da aka yi akwatin dominsa. Kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa ya wadatar.

A jera komai ba gam tukuna, a tsayar da akwatin, a ja da baya a duba. Ɗaya babba da biyu ƙanana sun fi biyar masu kai ɗaya.

Wane gam ke riƙe roba a gilashi?

Ifokzi mai kashi biyu, wanda ake haɗawa daidai wa daida, shi ne mafi ƙarfi. Ko an rubuta minti 5 a jikinsa, a ba shi awa 24. Yana yin rawaya da tsufa, don haka a ɓoye shi a ƙarƙashin ƙafa. Silikon mai garai-garai ma yana yi, kuma ana iya yanke shi daga baya a ciro mutum-mutumin. A zaɓi wanda ba ya warin tsami, domin mai warin yana cin ƙarfe da bayan madubi.

Biyu ne za a guje wa. Sufa gulu yana fitar da tururi da ke barin farin hazo a gilashi, musamman a rufaffen akwati da kuma inda yatsa ya taɓa. Gam mai narkewa da zafi kuwa yana kamawa yau, ya saki bayan ɗan lokaci, domin gilashi ya yi masa santsi.

Abu mafi muhimmanci: kada a manna komai a kan fenti. Gam ɗin zai riƙe fentin, fentin ya saki gilashin, duka su faɗo tare. A manna a fuskar da ba fenti, ko a katakon ƙasa. A karce tafin ƙafar robar da samfefa, a wanke da sabulu. Idan mutum-mutumin mai daraja ne ga masu tarawa, a yi amfani da ƙullin manne da ake iya cirewa, tunda gam yana zubar masa da daraja.

Na yi wa mutum-mutumin fenti, ya ƙi bushewa yana danƙo. Me ya faru?

Yawancinsu da robar PVC mai laushi ake yi, kuma sinadarin da ke sa ta laushi ba ya jituwa da fentin mai ko na feshi mai kaifi. Jira ba ya magance shi. A goge fentin, a wanke, a shafa fentin share fage mai ruwa, sannan akirilik siriri-siriri.

Zan iya sa fitila a ciki?

Ƙananan fitilun LED masu batir, tunda ba sa zafi sosai. A ɓoye su a bayan bakin firam, a bar gidan batir a waje. Ka sani haske daga baya yana tona duk wani rauni na fenti, don haka zanen da za a haska ta baya yana bukatar shafi daidai ko'ina. Rana kai tsaye kuma a nisance ta: tana koɗar da tawada, tana sa farar roba ta yi rawaya.

Ya halatta in sayar da abin da na yi?

Taurarin nan suna da masu su. Mario na Nintendo ne, Spider-Man na Marvel. Yin abu don adon ɗakinka daban, sayar da zanensu ba izini daban, domin yana iya shiga haƙƙin mallaka da na tambarin kasuwanci, kuma kasancewar da hannunka ka zana bai canza wannan ba. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, siffar Mickey Mouse ta 1928 ta fita daga haƙƙin mallaka ranar 1 ga Janairu 2024, amma siffofinsa na baya-bayan nan da tambarin suna hannun Disney. Mai son yin sana'a da wannan hannu, gara ya ƙirƙiro nasa taurarin ko ya nemi lasisi.

Na gama. Yaya zan rufe shi ya daɗe?

A bar zanen kwana 2 zuwa 3 kafin a sa shi a firam. Akirilik da bai gama bushewa ba yana manne wa kwalin baya, ranar da aka buɗe ya taho da shi. A shafa fari ko baƙi a bayan duk wurin da aka yi wa fenti don ƙarin kariya, sai dai in zanen da haske zai ratsa ne. Idan an bar bango ba fenti, kada a fesa komai a kai, zai dusashe gilashin. A sa takarda mai launi a baya ta zama bango, da siririn kwali a gefe wanda zai hana ta taɓa fentin. A akwatin ado kuma a bar gam ya gama bushewa a buɗe, a busa ƙura, sannan a rufe, a bi bayan da salatif na takarda.

Wajen gogewa, a fesa ruwan a tsumma, ba a gilashin ba, don kada ya gangara cikin firam. Danshi yana shiga tsakanin akirilik da gilashi ya ɗaga shi, sai a ga wasu tabo masu kalar azurfa ta gaba. Idan tabon ƙarami ne, a yanke wurin da reza, a goge da sifirit, a sake bin tsarin daga layi zuwa bango. Idan ya yi yawa, a jiƙa gilashin a ruwan ɗumi na minti 30, fentin zai saɓule gaba ɗaya, gilashin ya koma sabo.